Kwabon da Bai Faɗo Bayan Kawu Ba

Hutun da ya wuce na koma gida Maradi da kile cike da finafinan Indiya, wani abokin karatuna ne ya tura mini su a Yamai. A jikin sunan kowane fim akwai wasu haruffa da lambobi: wannan DD 5.1, wancan DTS, wani kuma Atmos. Ran nan da dare muka kafa kwamfuta a fada, muka jona mata ƴar lasifikar bulutus da muke jin waƙa da ita, aka ɗora shayi. Ba a yi minti goma ba gardama ta tashi. In jarumi yana magana sai kowa ya miƙa wuya kamar mai satar jin hirar maƙwabta. Da an ƙara murya kuma sai ganga ta faɗo ko mota ta fashe, har tsohuwar da ke gidan kusa ta aiko a ce mu ji tsoron Allah. Mai lasifika ya ce laifin fim ne, ni na ce laifin lasifikarsa ne. Kawuna, wanda ya tsaya karɓar kofi guda, ya ce duk surutu muke: "Mu da munka ga Sholay a silima, lasifika guda ce tak, kuma ba mu rasa kalma ko ɗaya ba."

Kawu bai san Indiyanci ba, amma har yau yana iya kawo maganganun Gabbar Singh da ka, da dariyar da komai. Ni kuwa da nake karatun kimiyyar harshe na san cewa abin da yake furtawa da abin da Amjad Khan ya furta ba ɗaya ba ne. Wannan ne ya sa na bi diddigin yadda sauti ya shiga fim ɗin Indiya, da yadda ya yi ta yaɗuwa daga lasifika ɗaya har ya kai rufin ɗaki, da kuma ɗan abin da ke isowa kunnenmu a nan.

Fim ɗin Indiya ya fara magana ran 14 ga Maris 1931, ranar da aka haska Alam Ara na Ardeshir Irani a silimar Majestic ta Bombai. Ɗakin da aka ɗauke shi yana kusa da hanyar jirgin ƙasa, shi ya sa mafi yawan aikin da dare aka yi shi, bayan jirage sun daina wucewa. Hoto da sauti a kan zaren fim guda ake ɗaukarsu lokaci ɗaya, ana ɓoye mikro kusa da ƴan wasa, makaɗa kuma suna laɓe inda kyamara ba ta ganinsu. Waƙoƙi bakwai ne a ciki. Fim ɗin ya ɓace, yau babu mai kofinsa, sai ƴan hotuna. Shekara guda bayansa aka yi Indrasabha mai waƙoƙi wajen 70. Tun daga ranar farko ke nan, abin da Ba'indiye ya nema daga na'urar sauti shi ne ta kawo masa muryar mutum, tana magana ko tana rera waƙa.

Matsalar ita ce ba kowane mai kyan fuska ke da murya ba. A 1935, a kamfanin New Theatres na Kalkata, Nitin Bose ya yi Dhoop Chhaon, inda aka fara ɗaukar waƙa tun da fari, sannan a kunna ta a wurin wasa ɗan wasa ya riƙa motsa baki yana bi. Wannan dabara ce ta raba fuska da murya, ita ta haifi sana'ar su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar, kuma ita ce finafinan Kano suka gada har gobe. A faifan garmaho na shahararriyar waƙar fim ɗin Mahal na 1949 ba a ma rubuta sunan Lata ba, sunan Kamini aka sa, wato matar da ke cikin labarin. Akwai wani abu game da wannan waƙar da ya fi burge ni. Ana son muryar ta zo kamar ta fatalwa daga nesa, mikro kuwa ɗaya ne. Sai aka tsayar da Lata a kusurwar ɗaki, ta fara rerawa tana takowa a hankali, ta iso gaban mikro daidai lokacin da amshi zai shiga. An yi ta maimaitawa kafin takun ya dace. Ba su da dama ba su da hagu, amma sun samu nesa da kusa, da ƙafar mawaƙiya.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan yadda sautin yake zaune a jikin fim, don a nan ne amsar maganar Kawu take. A gefen zaren fim mai faɗin milimita 35 akwai wani siririn layi mai zane kamar haƙoran zarto. Cikin majigi akwai ƴar fitila da ke haska wannan layin, wani ido na lantarki yana karɓar hasken da ya ratsa, yawan haske da ƙarancinsa su ne ke zama sauti. Saboda haka duk ƙurar da ta hau layin, duk ƙarzuwar da ya yi, ƙara ce za ta fito. Don a rufe wannan shuuu ɗin, ma'aunin da masana'antar Amurka ta tsayar a ƙarshen shekarun 1930, wanda duniya ta bi, ya danne siraran sautuka. Kunnen matashi yana ji daga girgiza 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, amma a silimar wancan zamani kafin a kai 8,000 sauti ya riga ya shaƙe.

To, mu da muka zauna ajin ilimin furuci mun san abin da ke zaune can sama. Wasula suna ƙasa, abin da ke bambanta a da i da u bai cika wuce 3,000 ba. Karin sauti ya fi su ƙasa ma. Amma zuzau irin s da sh, da ɗan hucin da ke biyo bayan baƙi, ƙarfinsu yana sama. Shi ya sa a waya kake cewa "sa" a ji "fa". Indiyanci kuwa harshe ne da ya ɗora kaya mai nauyi a kan irin waɗannan ƙananan bambance-bambance. Inda mu muke da t da d da ɗ, su suna da t da th da d da dh na haƙori, sannan ga wasu huɗun na naɗe-harshe, takwas ke nan, kowane yana iya canza ma'anar kalma. Ba'indiye da ke zaune a silimar Bombai ƙwaƙwalwarsa tana cike masa gurbin abin da lasifika ta cinye, don harshensa ne. Kawu ba shi da abin cikewa sai Hausa. Ya ji d mai naɗe-harshe ya mai da ita ɗ tamu, hucin bh da dh ya zubar da shi, ya riƙe wasula da hawa da saukar murya daram, don kunnen Bahaushe a kan karin sauti ya girma. Ga kuma kalmomin da muka aro daga Larabci mu da su: duniya, shaiɗan, khabar da labari, waqt da lokaci, sabun da sabulu. In irin waɗannan suka gifta sai ɗan kallo ya ji kamar an kira sunansa a baƙon gari. (Kalmarsu ta mace, aurat, da al'aurarmu tushensu ɗaya. Wannan na bar wa ƴan uwanmu mata na ƙungiya su yi mana rubutu a kai.)

Daga wajen shekarun 1960 wani abu ya ƙara tura murya gaba. Kyamarori marasa nauyi irin Arriflex sun ba da damar fita waje, a hau dutse a shiga lambu, sai dai suna da ƙara kamar keken ɗinki. Sai masana'antar Bombai ta koma sake ɗaukar magana a ɗaki bayan an gama wasa: ɗan wasa ya tsaya gaban mikro yana kallon bakinsa a allo yana maimaitawa. Takun ƙafa da naushi da buɗe ƙofa duk daga baya ake ƙera su. Shi ya sa a tsofaffin finafinan nan jarumi yana can ƙarshen fili amma muryarsa tana cikin kunnenka, kuma naushin kowa ƙara ɗaya gare shi. Masu sukar fim suna yi wa wannan dariya. Ni ina ganin shi ya sa finafinan suka iya tafiya mai nisa: sautin da aka gina a kan murya ɗaya mai ƙarfi a tsakiya yana jure tsohon majigi da iskar hunturu.

Sai Sholay. Kafin shi an yi Around the World na Raj Kapoor a 1967, wanda aka fitar a zare mai faɗin milimita 70, amma Sholay ne ya sa talakan Indiya ya san ana iya jin fim ta gefe. Ramesh Sippy ya ɗauke shi a duwatsun Ramanagara kusa da Bangalor da zaren 35, aka kai Landan aka faɗaɗa shi zuwa 70, a can kuma aka haɗa sautin sitiriyo. Zaren 70 ba ya amfani da layin haske. Ratsin maganaɗisu gare shi irin na kaset, kuma yana ɗaukar layin sauti har shida: a tsarinsa na asali biyar bayan allo, ɗaya na lasifikokin da ke kewaye da ƴan kallo. Mangesh Desai ne ya yi haɗin, R. D. Burman ya yi kiɗa. An saki fim ɗin ran 15 ga Agusta 1975, kuma abin dariya, a daren buɗewa kofin 70 ɗin yana tsare a hannun ƴan duwan, sai da na 35 aka yi bikin. Makonnin farko masu sharhi suka ce ya faɗi. Daga baya ya shekara biyar ana haska shi a silimar Minerva ta Bombai.

Wanda ya san fim ɗin ya san wuraren da aka yi domin kunne: jirgin ƙasa da dawakai a farko, takalmin Gabbar a kan dutse, kukan lilo bayan an kashe iyalan Thakur, harsashi yana dukan dutse yana wucewa. Sai kwabon Jai, wanda yake jefawa duk lokacin da za su yanke shawara shi da Veeru. Waɗanda suka gani a zaren 70 suna ba da labarin cewa in kwabon ya faɗi yana gangarawa, mutane kan waiga, wasu har su leƙa ƙarƙashin kujera. Sai dai kofin 70 ɗin ƴan ƙalilan ne aka buga, don manyan birane. Mafi yawan Indiyawa ma a lasifika ɗaya suka ji Sholay. Abin da ya bazu ko'ina shi ne maganar da Salim da Javed suka rubuta, har kamfanin Polydor ya fitar da faifan maganganun fim ɗin zalla, mutane suka saya suna saurare a gida kamar waƙa. Fim ɗin da aka yi don a nuna sauti mai kewaye, murya ce ta ci kasuwarsa.

Wanda ya iso wurin su Kawu kuwa ya sha hanya. A ƙasashenmu rainon Faransa kamfanoni biyu ne, COMACICO da SECMA, suka daɗe suna riƙe da rarraba finafinai, a Nijeriya kuma ƴan kasuwa Labanawa ne suka shigo da na Indiya. Kofi guda zai zaga gari bayan gari kafin ya zo nan. Yadda Kawu ke faɗi, silimar tasu fili ce mai katanga ba rufi, farin bango a gaba, benci a ƙasa, masu ɗan hali suna baya a kujera. Babu rufin da zai tare sauti balle bangon da za a rataya lasifikar gefe. In zare ya tsinke mai majigi ya yanke wurin ya liƙa. A nan akwai wani abu da na gane daga baya: a zaren 35 sauti yana gaban hotonsa da gida 20, don idon da ke karanta shi yana ƙasa da tagar hoto, majigi kuma gida 24 yake ja a daƙiƙa. Don haka duk inda aka yi liƙi, hoto zai yi tsalle tukuna, sai bayan kusan daƙiƙa guda waƙa ta yi nata. Da na gaya wa Kawu haka ya ce shi dai ya san in hoto ya ƙyafta, sai su shirya ihu. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a silimun Kano, ya sa wa littafinsa na 2008 suna Signal and Noise, kuma wani ɓangare na hujjarsa shi ne wannan ƙara da dishi-dishin sun zama cikin yadda mutanenmu suka san fim.

Bayan Sholay abin bai ci gaba a miƙe ba. Zaren 70 yana da tsada, shekarun 1980 kuma bidiyo da kaset suka janye masu kuɗi daga silima, gidaje da yawa suka lalace. A Amurka tun Star Wars na 1977 tsarin Dolby Stereo ya bazu, wanda ke cusa layi huɗu (hagu, tsakiya, dama, kewaye) cikin siraran layukan haske biyu a zaren 35 na kullum. Sai a 1994 ya shiga fim ɗin Indiya, da 1942: A Love Story na Vidhu Vinod Chopra. R. D. Burman ne ya yi kiɗansa, ya rasu a Janairun wannan shekara kafin a saki fim ɗin. Mutumin da ya yi kiɗan Sholay shi ne ya buɗe wannan ƙofar ma, bai ga shigar mutane ba.

Lokacin nan duniya ta riga ta koma dijital. Dolby Digital ya fito a 1992, yana ɓoye bayanansa tsakanin hudojin gefen zare. DTS ya biyo da Jurassic Park a 1993, shi sautinsa a faifan CD yake, zare yana ɗauke da alamar lokaci kawai don su tafi tare. Su ne suka kawo lambar nan 5.1 da ke jikin kile ɗina: hagu, tsakiya, dama, kewayen hagu, kewayen dama, sai ɗigo ɗaya na lasifikar kauri da ke girgiza ƙirji. A Indiya masu finafinan Tamil na Madras sun sha riga Bombai karɓar sabon abu, fim na farko da DTS nasu ne, Karuppu Roja na 1996. A 1997 aka buɗe PVR Anupam a Delhi, gidan silima mai ɗakuna da yawa na farko, ƙananan ɗakuna masu sanyi da bango mai shanye amo, tikiti mai tsada. Irin wannan ɗakin ne ya sa ya zama da amfani a koma ɗaukar magana a wurin wasa, kamar yadda Lagaan da Dil Chahta Hai suka yi a 2001. Yanzu ana iya raɗa a fim, ana iya jin numfashi da ƙarar yadi. Resul Pookutty, wanda ya yi karatu a makarantar fim ta Pune, ya samu Oscar na haɗa sauti a 2009 da Slumdog Millionaire, ko da yake fim ɗin na Ingila ne.

Dolby Atmos na 2012 ya canza lissafin baki ɗaya. Maimakon a ce wannan ƙarar ta layin hagu ce, sai a ɗauke ta a matsayin abu guda mai wurin zama a cikin ɗaki, na'ura ta nemo lasifikar da ta dace, har da waɗanda ke rufi. Yana ɗaukar sautuka 128 lokaci guda da lasifika har 64. A nan ma kudu ce ta fara, da Sivaji 3D na Rajinikanth a ƙarshen 2012, kafin finafinan Bombai su bi.

Mu dawo fada. Fim ɗin da muka kunna an haɗa shi ne don ɗaki rufaffe mai shiru, inda aka ware wa magana lasifikarta ita kaɗai a tsakiyar allo, kuma aka bar tazara mai faɗi tsakanin raɗa da fashewar bam. Kwamfuta ta tattara layi shida ta matse su cikin biyu, maganar tsakiya ta shiga cikin kiɗan hagu da dama da hayaniyar baya, lasifikarmu kuma ta sake matse su cikin ɗaya, a bakin titi inda kabu-kabu ke wucewa. Laifin ba na fim ba ne, ba kuma na lasifika kaɗai ba. Kawu ya yi gaskiya ta wani gefen: Sholay ɗin da ya gani an yi masa haɗin lasifika ɗaya tun daga Indiya, mutum ne ya zauna da kunnensa ya tabbatar magana ta fito sama da komai. Namu na'ura ce ta yi haɗin a makance. Wanda ke son sauƙi ya duba cikin VLC ko fim ɗin yana da layin sitiriyo ya zaɓe shi, ko ya sa abin kunne, ya kuma daina roƙon mai turi ya ba shi mai Atmos alhali a salula zai kalla.

Akwai wani wurin da 5.1 ya yi mana rana, kuma ban ji ana faɗinsa ba. Tun shekarun 2010 fassarar Indiya-Hausa ta cika kasuwa, irin ta su Algaita a Kano, har ƙannenmu sun fi sanin jaruman Telugu da muryar Bakano. Duk mai son ɗora Hausa a kan tsohon fim mai layi ɗaya dole ya danne sautin gaba ɗaya in zai yi magana, kiɗa da iska su nutse tare da Indiyancin, su taso in ya yi shiru. Ku saurara, za ku ji wannan nutso da tasowa a finafinai da yawa. Amma in fim ɗin 5.1 ne, galibin magana tana layin tsakiya ita kaɗai, ana iya cire ta a bar sauran. Tsarin da aka ƙera don ɗakunan Delhi masu sanyi ya bar gurbi daidai bakin Bahaushe. Abin da ke ɗan damuna shi ne yaran da suka taso a kan fassara ba za su yi irin Indiyancin Kawu ba, wannan gaurayen harshe na mutanen da suka koyi baƙin yare ta lasifika mai shaƙewa. Ya cancanci a ɗauke shi a rubuta kafin masu shi su ƙare, kuma ina da niyyar in nemi malaminmu na furuci ya yarda in yi kundina a kai.

Silimun da su Kawu suka sani yawancinsu sun rufe. A 2017 aka buɗe CanalOlympia a Yamai, ɗaki mai kujera 300 da sautin 7.1, a nan ne da yawanmu muka fara jin ƙara ta taso daga bayan ƙeya, ko da yake ba fim ɗin Indiya na kalla a ciki ba. Da na ba Kawu labarin mutanen Bombai da ke leƙa ƙarƙashin kujera suna neman kwabon Jai, sai ya yi shiru, ya kurɓi shayinsa. Ya ce shi sau bakwai ya shiga Sholay, kuma kowane karo a gabansa kwabon ya faɗi, jikin bango, inda kowa ke ganinsa. Sannan ya tambaye ni ko cikin kile ɗin nan akwai Sholay ɗin, in akwai in kawo masa gida ran Juma'a bayan la'asar, amma kar in zo da lasifikar yaron nan.